Rimot da kayan da ke rufe a kabad: ina matsalar take?

Sabon Hannu

Assalamu alaikum masana. Shawara nake nema a kan rimot.

Talabijin na manne a bango, dikoda da amfilifaya da na'urar faifai kuma suna cikin kabad na katako mai ƙofa a ƙarƙashinsa. Tunda hasken rimot ba ya ratsa katako, an saka musu na'urar nan mai miƙa saƙo: ido ɗaya a waje mai karɓar hasken rimot, ɗan akwati mai adafta a ciki, da 'yan ƙwayayen haske uku masu gam da ake mannawa a fuskar kowace na'ura.

Da dare amfilifaya da na'urar faifai suna amsawa lafiya, amma da rana sai an danna sau huɗu ko biyar, kuma 'yar fitilar da ke jikin idon tana ƙyaftawa ko ba a taɓa rimot ba. Ita kuwa dikoda, dare da rana ba ta ji, sai an buɗe ƙofa an nuna mata rimot kai tsaye. Sannan akwai rimot mai koyo da aka kwafe sauran a cikinsa. Amfilifaya tana amsa masa dannawar farko, in an sake danna maɓallin nan dai sai ta yi shiru. Maɓallin da aka shirya ya kunna komai lokaci ɗaya kuma, wata rana ya yi daidai, wata rana ya kunna talabijin ya kashe amfilifaya. Na'urar ce ba ta da kyau, ko haɗin ne?

Baban Darma

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalolin nan naka ba uwa ɗaya ta haife su ba, kada ka nema musu magani ɗaya. Zan ɗauki na rana da na dikoda, tunda su na haske ne.

Ƙwan da ke goshin rimot yana fitar da infirared mai zangon nanomita 940, wanda idon mutum ba ya gani. Kuma ba ci yake a tsaye ba, ƙyaftawa yake, a yawancin na'urori sau 38,000 a sakan, wato kilohaz 38. An gina sensar da ke karɓa ta saurari wannan ƙyaftawar kawai ta ƙyale sauran haske. Sai dai hasken rana cike yake da infirared, kuma sensa tana da wani sashe da ke rage mata ji da kanta in haske ya yi mata yawa, kamar yadda mutum ke runtse ido in ya fito daga ɗaki mai duhu. Da ta runtse, rimot ɗin da take ji daga mita 8 sai ya koma sai ka matso mita 2.

Fitilar nan da ke ƙyaftawa ba a taɓa rimot ba ita ce mai ba ka labari. Ka rufe idon ruf da baƙin salatif. In ta daina, haske ne ke damunsa. In ta ci gaba, ba haske ba ne, hayaniyar lantarki ce: ko adaftar ba ta tace wuta da kyau, ko wayar idon ta bi jikin wayar wuta an ɗaure su tare. Raba su, ka gwada wata adafta mai bolt iri ɗaya da wanda aka rubuta a akwatin.

In haske ne, cire salatif ɗin ka riƙa kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya kana kallon fitilar. Ja labule. Kashe doguwar fitila ko murɗaɗɗen ƙwan nan mai tsimin wuta, domin su ma ƙyaftawa suke da saurin da ke kusa da na rimot, kuma sun fi rana ruɗa sensa. Daga ƙarshe kashe talabijin ɗin kansa. Na filasma sun yi suna a wannan, wasu na LCD ma suna yi, musamman in an rage musu haske. Wani lokaci ma ba kai tsaye ba ne, hasken allon ne ke dukan farin bango ko tebur na gilashi ya dawo cikin idon.

Maganin ba ya cin kuɗi. Kada idon ya fuskanci taga. Ka mayar da shi ƙarƙashin leɓen talabijin, ka ja shi baya kamar santimita 3 yadda gefen zai yi masa inuwa. In bai isa ba, naɗe masa baƙar takarda ta zama ɗan bututu mai tsawon santimita 2. Za ka rasa ɗan faɗi daga gefe, amma daga inda ake zama zai ji tangaran.

Yanzu dikoda. Abu ɗaya ka riga ka tabbatar ba ka sani ba: rimot ɗinta na infirared ne, domin da na Bluetooth ne ko na rediyo, ƙofar katako ba za ta hana shi ba. Mai shakka a kan kowane rimot ya nuna goshinsa ga kyamarar wayar hannu ya danna, zai ga haske fari-fari mai ɗan shunayya. A yi da kyamarar gaba, ta bayan wasu wayoyin tana tace infirared.

Fara da wurin da aka manna ƙwan. Mutane da yawa suna manna shi a kan allon lambobi ko kusa da fitilar wuta, alhali sensar tana wani gefe. Haska tocilan a fuskar dikodar a karkace, za ka hango ta bayan baƙar robar, 'yar aba mai ƙusumbi ko mai murabba'in ƙarfe. In ba ta ganuwa, ka huda kwali ƙaramar huda, ka riƙa matsar da shi a fuskar kana danna rimot na asali. Inda ta amsa, nan take.

In wurin daidai ne, gwada akasin abin da hankali zai ba ka: ɓamɓare ƙwan ka matsar da shi gefe santimita 1 ko 2, ko ka riƙe shi nesa kamar tsawon yatsa. Ƙwan da ke zaune daram a kan sensa yana iya cika ta da haske har ta kasa bambance ci da mutuwa. Kamar a yi maka ihu a cikin kunne ne, ƙarar ta kai amma ba ka gane maganar ba.

In duk wannan bai yi ba, to yaren ne ya bambanta. Na'urar miƙa saƙo mai araha kilohaz 38 kawai ta sani. Na Philips mai 36 da na Sony mai 40 suna wucewa, ko da nisan ya ragu, amma akwai dikodoji masu 56, waɗannan ko kaɗan ba za su bi ba. Akwai kuma masu gajeren bugu, irin tsarin RC-MM, wanda bugunsa maikirosakan 167 ne, ƙyaftawa shida kacal, alhali sensa irin TSOP38238 tana son aƙalla goma kafin ta yarda saƙo ne. Sai ta ɗauka hayaniya ce ta zubar. A nan ba gyara, sai an canza idon da wanda aka rubuta yana ɗaukar 38 da 56, ko mai faɗin zango daga 30 zuwa 60. Kuma ka sayi idon da akwatinsa tare. Duk da cewa kawunan wayoyin milimita 3.5 ne, jerin wuta da ƙasa (layin nagatif, GND) da saƙo a jikinsu ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuma wasu bolt 12 suke ci wasu 5. Soka na wani a na wani yana iya ƙona ido.

Gwanar Lamba

Baba ya gama da haske. Sauran biyun ba ruwansu da na'urar miƙa saƙo, ko ka cire ƙofar kabad ɗin gaba ɗaya haka za su yi.

Malam, amsa dannawar farko da ƙin ta biyu alama ce da ba ta ɓuya. Amfilifayarka da tsarin RC-5 ko RC-6 take aiki, wanda Philips suka ƙirƙiro, wasu kamfanonin kayan sauti irin Marantz ma suke bi. Saƙon RC-5 ɗigo 14 ne, kowane ɗigo ko 0 ne ko 1: biyu na farawa, biyar na adireshin na'ura, shida na umarni, sai ɗaya mai juyawa. Wannan ɗayan shi ne mai rikicin. Duk lokacin da ka ɗaga yatsa ka sake dannawa, rimot na asali yana juya shi, daga 0 zuwa 1 ko daga 1 zuwa 0. Da shi na'ura ke gane ko sabon dannawa ne ko riƙe maɓalli aka yi, tunda in an riƙe saƙon yana maimaita kansa duk milisakan 114. Shi kuwa rimot mai koyo hoto ɗaya ya ɗauka, kullum shi yake turawa. Sai amfilifaya ta ga ɗigon bai canza ba, ta ce ai hannunka bai tashi daga dannawar ɗazu ba.

Ka gwada: danna maɓallin, danna wani daban na rimot na asali, ka dawo. Wani lokaci zai amsa wani lokaci a'a, ya danganta da inda ɗigon ya tsaya. Gyaran shi ne ka goge abin da aka koya masa na amfilifaya, ka shigar da lambar kamfanin daga littafin rimot ɗin. Lambobin da suka zo da shi sun san juyawa. Koyo a bar shi ga maɓallan da lambar ba ta kawo ba.

Tunda maganar koyo ta zo: a sa sabbin batura a duka biyun, a kwantar da su a tebur goshi da goshi, tazarar santimita 3 zuwa 5, nesa da taga da doguwar fitila. Sannan a lura da tsawon dannawa. Tsarin NEC, wanda ya fi kowanne yawa, yana tura cikakken saƙo sau ɗaya ne kawai: haske na milisakan 9, shiru na 4.5, sai ɗigo 32, adireshi da kishiyarsa, umarni da kishiyarsa. In ka ci gaba da riƙewa ba ya sake tura wannan, sai wani ɗan guntu mai ma'anar "ci gaba" duk kamar milisakan 108. Wanda ya fara danna na asali kafin mai koyon ya shirya, guntun nan kawai zai kwafa, maɓallin ya fito ba ya komai. Na Sony kuma akasin haka ne, saƙonsu gajere ne, ɗigo 12 ko 15 ko 20, amma rimot ɗinsu sau uku aƙalla yake tura shi, kuma na'urorinsu da dama ba sa motsi da guda ɗaya.

Batun kunna komai lokaci ɗaya. Maɓallin wuta na rimot ba "kunna" yake cewa ba, "juya" yake cewa. Rimot kuma makaho ne, yana magana ba a ba shi amsa, bai san me ke kunne ba. Da zarar na'ura ɗaya ta rasa saƙo sau ɗaya, ko wani ya kunna ta da hannu, shi ke nan sun saɓa, duk dannawa ɗaya na kunnuwa ɗaya na mutuwa. Abin da masu haɗa irin wannan suke amfani da shi shi ne lambobi keɓaɓɓu, ɗaya ta kunnawa kawai ɗaya ta kashewa kawai, waɗanda na'urar ta sani amma ba a ba su maɓalli ba. A talabijin na LG adireshi 0x04 ne, juyawa 0x08, kunnawa 0xC4, kashewa 0xC5. A na Sony, na'ura ta 1, juyawa 21, kunnawa 46, kashewa 47. Ka tura "kunna" sau goma ga abin da ke kunne, ba abin da zai faru, abin da ake so ke nan.

Kafin ka kai nan ma, leƙa saitin talabijin ka ga ko HDMI-CEC na kunne. Samsung suna kiransa Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, Philips EasyLink. In yana kunne, talabijin na tashi zai ta da amfilifaya ta cikin wayar HDMI, sai kuma saƙon "juya" na rimot ɗinka ya iso ya kashe ta. Shugaba ɗaya za ka zaɓa: ko CEC ya riƙe wuta ka cire amfilifaya daga jerin, ko ka kashe CEC.

Sabon Hannu

Allah ya saka da alheri Baba, Malama na gode. Na rana ya warware, taga ce, bututun takarda ya yi. Amfilifaya ma da lambar littafi tana amsa kowane dannawa. Dikoda dai har yanzu shiru, duk da na gano sensar na kuma matsar da ƙwan. CEC a kashe yake. Yaya zan san ko 56 ce kafin in sayi wani ido? Kuma lambobin nan keɓaɓɓu, ta ina zan tura su tunda ba rimot mai su da zan kwafa?

Mai Tiransista

Duka biyun allo ɗaya zai yi maka su, in kana iya riƙe ƙarfen darma. Arduino Uno ko ESP32, ƙananan allunan lantarki da ake ɗora wa shiri daga kwamfuta, da laburaren IRremote, wato tarin shirye-shiryen karanta saƙon rimot da tura shi.

Na karɓa: TSOP38238. In ƙusumbinta na kallonka ƙafafu na ƙasa, daga hagu saƙo ne, ƙasa, sai wuta. Tana ci daga bolt 2.5 zuwa 5.5, don haka a ESP32 ba ta 3.3. Sa resista om 100 a layin wutarta da kafasita maikirofarad 0.1 tsakanin ƙafar wuta da ƙasa, dab da ita. Ɗora misalin ReceiveDemo da ke cikin laburaren, buɗe allon siriyal a kwamfuta, inda allon ke rubuto abin da ya ji, danna rimot. Zai rubuto sunan tsarin da adireshi da umarni. Fara da rimot ɗin talabijin don ka tabbatar haɗinka lafiya, sannan na dikoda. In yana karantawa daga santimita 10 amma ya ɓace a mita 2, saurin ƙyaftawarsa ya yi nesa da 38. Gwada TSOP38256 a gurbinta, in ya kama daga nesa ka sami amsa. In kuma lambobin suna fitowa a guntule, kowane dannawa daban, gajeren bugu ne, TSOP38338 tana karɓar ƙyaftawa shida. Mai son ya auna saurin kansa ya nemi TSMP58000, ita ba ta tace ƙyaftawar, tana fito da ita yadda ta zo.

Na turawa: kada ka rataya ƙwan a ƙafar allon kai tsaye in kana son nisa. Ƙafar Uno miliamfa 20 aka yarda mata, 40 iyakar ƙonewa ce, ƙwai irin TSAL6200 kuwa yana ɗaukar 100. Sa tiransista BC337 ko 2N2222, mai ƙafa uku: bes, emita da kolekta. Daga ƙafar allo resista om 330 zuwa bes, emita zuwa ƙasa, kolekta zuwa gajeriyar ƙafar ƙwan, doguwar ƙafar kuma ta bi resista zuwa bolt 5. Lissafin resistar: ƙwan na cin kamar 1.35, tiransista 0.2, saura 3.45, a raba da amfa 0.1, kusan om 34, sai ka ɗauki 33. In ƙwai biyu ne a jere, saura 2.1, om 22. Mai kwatan wat ta isa tunda bugu-bugu wutar ke bi, amma in kuskuren shiri ya bar ƙafar a kunne, wat 0.33 zai zauna a kanta, za ka ji ta yi zafi. Duba da kyamara kafin ka zargi lamba. In ba haske, juya ƙwan, ba kowane kamfani ne doguwar ƙafarsa ke nufin abu ɗaya ba.

Zaɓin ƙwai ya danganta da wuri. TSAL6100 siririn haske ne, digiri 10 kowane gefe, yana nisa amma sai an saita. TSAL6200 digiri 17, TSAL6400 digiri 25. A ɗaki mai faɗin ya fi.

Umarnin layi ɗaya ne. IrSender.sendNEC(0x04, 0xC4, 0) zai kunna LG. Na RC-5 sendRC5 ne, kuma da kansa yake juya ɗigon da Malama ta yi bayani. Daga nan ko ka bar allon ya zama shi ne mai sarrafawa, ko ka kafa rimot mai koyo a gaban ƙwan ka koya masa lambar keɓaɓɓiya a wani maɓalli, ka ajiye allon a durowa.

Jerin ma yana da tsari. Tura duk na kunnawa da farko, da tazarar milisakan 300 zuwa 500 tsakaninsu don kada sensa ta haɗe saƙo biyu. Sannan jira. Talabijin ba ya sauraron umarnin canza mashiga sai ya gama tashi, wani sakan 5 wani ya haura 10, auna naka da agogo ka ƙara sakan 2. Mashigar ma nemi lambarta keɓaɓɓiya, HDMI 1 ko HDMI 2 kai tsaye, ba maɓallin da ke zagayawa ba.

Baban Darma

Bayanin Mai Tiransista daidai ne, abu biyu zan ɗora. Jerin ƙafafun da ya bayar na TSOP38238 ne da TSOP4838 da VS1838B. Tsohuwar TSOP1738, wadda har yanzu take yawo cikin tarkacen masu gyara, nata ƙasa ne, wuta, sai saƙo. Wanda ya haɗa ta da wancan jerin ba za ta yi masa aiki ba. Allunan da ake sayarwa da sensar a like su ma kowa da jerinsa, rubutun jikin allon za a bi.

Na biyu, miliamfa 100 na ƙwan da zai haska ɗaki ne. 'Yan ƙwayayen nan masu gam ba a yi su don haka ba. In su za ka soka a allon, bar tiransista, resista om 330 daga ƙafar Uno ta isa, miliamfa 11 ke nan, kuma tsinin kan wayar shi ne ɓangaren wuta. In ka bar ƙwayayen akwatin miƙa saƙo da na allon duka a cikin kabad, toshe duk wata kafa da haskensu zai fita ya koma cikin idon waje. In ya koma, akwatin zai riƙa maimaita abin da ya ji daga bakinsa, saƙon ya cuɗe.

Gwanar Lamba

Malam Sabon Hannu, kafin ka sayi sensa ta biyu, nemi lambobin samfurin dikodarka a tsarin Pronto, dogon jerin nan mai farawa da 0000. Rukuni na biyu shi ne saurin ƙyaftawa. A tsarin heksadesimal (lissafi mai tushe 16) yake, mayar da shi lambar yau da kullum, ninka da 0.241246, ka sami tsawon ƙyaftawa ɗaya a maikirosakan. 006D shi ne 109, ya ba da 26.3, wato kilohaz 38. 0073 na 36 ne, 0067 na 40. In ka ga 004A ko kusa da shi, 56 ce, je ka canza ido kawai. A nan ɗin kuma za ka ga ko dikodar tana da lambar kunnawa keɓaɓɓiya. Da yawansu ba su da ita. In taka na ciki, cire ta daga jerin wuta ka bar ta a kunne, ko ka gwada maɓallan lamba da na menu tana kashe, wasu suna tashi da su, kuma ba sa kashe ta in tana kunne.